Sa Ɗaya, Mahauta Uku

Baba ya ce in nemo masa waƙar nan ta Girkawa
da suka karanta a Rumfa yana ɗan aji uku,
tun kafin yana ta rufe masa ido,
tun kafin gara ta yi walima da nasa littafin
a akwatin da aka manta a zaure.
Sunan mai fassarar ya ɓace masa.
Abin da ya riƙe: bangon shuɗi ne,
kuma akwai teku a ciki.

Ranar Asabar na kutsa Sabon Gari,
na wuce 'yan kwanuka, na wuce 'yan gwanjo,
na iske Lasisi yana korar ƙuda da tsohuwar jarida.
Ya ce, "Wanne? Uku gare ni."
Na ce, "Ba waƙa ɗaya ba ce?"
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo:
"Sa ɗaya ne, ɗan'uwa, mahauta ne uku."

Na farkon takardarsa ta yi ja
kamar an tsoma ta a shayi.
Turancinsa babbar riga ce mai aska takwas,
kowane layi sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa
kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi.
Baiti biyu na yi, numfashi ya ƙare.

Na biyu ya kwance waƙar, ya shanya ta zube
kamar rahoton ƙarshen wata:
jirgi kaza, mutum kaza, wane ya nutse.
Ba tuntuɓe.
Ba ka kuma jin ƙasa a tafin ƙafarka.

Na uku yana cikin leda, sabo fil,
layukansa gajeru, masu hanzari
kamar ɗan sahu ya hango danja za ta kama shi.
Inda na farko ya ce jarumi ya yi jimami,
shi cewa ya yi mutumin ya zauna ya yi kuka.
Kuɗinsa cefanen kwana huɗu ne.

Ni da ban san baƙi ɗaya na Girkanci ba,
ni da iyakar tekuna Tiga ce,
ranar da makaranta ta kai mu a bayan tifa,
wa ya naɗa ni alƙali?

Na kira Baba.
Janareton maƙwabci na ruri, na toshe kunne ɗaya,
na karanta masa wuri guda sau uku.
A na farko ya katse ni:
"Shi ne! A kan wannan layin na sha bulala shida."
A na biyu ya ce, "Wuce."
A na uku ya yi shiru
har na duba ko katina ne ya ƙare.
Can ya ce, "Maimaita.
Ashe kuka ya yi? Shekara sittin ban sani ba."

Lasisi ya rantse da uwarsa ba ragi,
sannan ya rage ɗari biyar.
Na fito da biyu a hammata,
na taka da ƙafa har Gwammaja, kuɗin mota ya tafi Girka.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma.
Baba ya rungume mai jan takarda, bai buɗe ba,
yana shinshinarsa kawai.
Ni na buɗe sabon a hasken waya.
Ban ci rabin shafi ba
Inna ta ajiye tsintar wake, ta matso:
"Kai Sadisu, ku kaɗai za ku ji?
Me ya sa bawan Allah kuka?"

Na dubi layin, na dubi Inna.
Na lalubi kalma a bakina, ta ƙi zuwa,
wata ta zo, ba ita ba ce, na karɓe ta haka nan.
Na ce, "Gida yake so, Inna, ruwa ya tare hanya."
Ta ce, "Allah sarki. Yana da uwa?"

Baba ya murmusa cikin duhunsa:
"To, ga mahauci na huɗu.
Wasa wuƙarka, yaro, kada ka ɓata fatar."